Ranar da Baba Idi Ya Ƙi Yabon Ɗansa

Duk wanda ya karanta tarihi da idon basira ya san cewa manyan al'amuran 'yan Adam a ƙananan ɗakuna ake yanke su, ɗakuna masu tebur ɗaya da kujeru kaɗan da butar shayin da ya fara hucewa. Na yarda da haka tun ina ɗalibi, amma ban gani da idona ba sai ranar da aka zauna a ofishina domin a duba ko wani yaro ya cancanci jefa ƙwallo cikin kwando da sunan kwaleji. Na yi ritaya, na manta sunayen biyu daga cikin mudiran, wato shugabannin makaranta, da na yi aiki a ƙarƙashinsu, amma wannan Larabar ta ƙi barin kaina. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin, ku da kuka gaji kujerunmu, ga shi.

Ni malamin nahawu ne. Na daɗe ina koyar da Larabci a wata sakandaren maza a unguwar Aziziya ta Madina kafin a ɗora mini aikin da ake kira mushrif, wato mai kula da duk abin da ɗalibai ke yi wanda ba ya fitowa a jarrabawa: wasanni, tafiye-tafiye, gasar karatu, da mabuɗin zauren wasa. Mabuɗin nan shi ne ainihin muƙamin, sauran ado ne. Horar da yara aikin malamin motsa jiki ne. Ni nawa takarda ce. Ni ke rubuta sunayen 'yan wasa, ni ke neman izinin iyaye, ni ke sa hannu a takardar shigowar duk baƙon da zai taka zaure, daga alƙalin wasa har mai gyara.

Sai dai in gaya muku gaskiya, ni ɗan kallo ne na haƙiƙa. Ban taɓa jefa ƙwallo ya shiga kwando ba a rayuwata, ko da gangan ko bisa kuskure, kuma wannan bai taɓa hana ni sanin abin da ya kamata kowane ɗan wasa ya yi ba. Muna da majalisa a wani shagon shayi a unguwar Sultana, mu masu irin wannan ilimi. Shugabanmu Adam Tela ne, Bahaushen Sudan mai ɗinkin jallabiya, wanda ke bin wasannin kwalejojin Amurka a wayarsa kamar yana da ɗa a can. Shi ya kawo mana labarin cewa a ƙasar, tun yaro yana sakandare ake liƙa masa taurari, daga ɗaya zuwa biyar, sannan kwalejoji su yi ta zawarcinsa. Mu mutanen Madina mun saba da taurarin otal, don haka tsarin ya shige mu nan take. Muka fara raba wa yaran unguwa taurari ba tare da saninsu ba.

Ma'auninmu mai sauƙi ne. Yaro ya yi tsawo, ya iya tsalle, in da hali ya cusa ƙwallo da hannu ya ɗan yi lilo a bakin kwandon. Gardama ɗaya ce ba ta ƙarewa a tsakaninmu, ko ɗan wasa haifarsa ake yi ko gina shi ake yi.

"Haifarsa ake yi, ya zol," in ji Adam kullum, da kiran nan nasu na Sudan mai nufin mutumina. "Koci riga kawai yake ba shi."

Ni kuwa, a matsayina na malami mai kare sana'arsa, ina cewa ginawa ake yi. Mun shekara muna wannan ba wanda ya matsa ko taku ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tashi daga kujera ya gwada.

Yaro ɗaya ne muka haɗu a kansa muka ba shi biyar cif. Sunansa Anas, ɗan ajin ƙarshe, dogo siriri mara yawan magana. Irin yaranmu ne na yanzu, ka yi masa Hausa ya fahimta sarai ya amsa maka da Larabci. Na koyar da shi, don haka zan iya ba da shaida cewa a wajensa fa'ili da maf'uli na nahawu, mai aikatawa da wanda aka aikata wa, 'yan wasa biyu ne da za su iya musayar wuri a kowane lokaci. Makinsa na tsaka-tsaki ne, irin wanda ba ya korar yaro daga makaranta kuma ba ya buɗe masa wata.

A shekarar ne wata kwalejin fasaha da ke Yanbu, mai ƙungiyar kwando, ta aiko cewa tana da gurbi ɗaya da ya rage wa makarantun Madina. Wanda aka ɗauka zai samu karatu da ɗakin kwana da horo. Ga Anas wannan ce kaɗai ƙofar kwaleji da ke buɗe. In ta rufe, sai warshar ubansa a Sultana, wato shagon gyara, har abin da hali ya yi.

Ga yadda tsarin yake, domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Kwaleji tana turo mutum guda mai duba 'yan wasa. Namu sunansa Kabtin Majid. A nan duk mai horar da wasa kabtin ne, ko da bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Zai kalli yaro a wasa na gaske, sannan ya ware rana ya gwada shi shi kaɗai da awo da agogo, sannan ya zauna da waliyyinsa a gaban wakilin makaranta. Matakai biyun farko sun wuce lafiya, iyakar abin da fuskar Kabtin ta bari muka gani, wadda ba ta bari an ga komai. Saura na uku. A majalisa kuwa labari ya bazu cewa na ukun nan shi ne wuƙar yanka. Adam ya rantse cewa ya san wanda ya san wanda aka mayar da ɗansa gida saboda uban ya yi hamma a tsakiyar hira.

Ranar Talata mudir ya kira ni ofishinsa.

"Ya Ustaz, yaron nan naku ne. Ka kawo uban gobe, ka tabbata ya yi magana mai daɗi. Makarantar nan ba ta taɓa tura kowa ko'ina ba sai asibiti."

Na ce, "In sha Allah." Na faɗe ta da irin muryar da ku ma kuka san ma'anarta, domin na san uban.

Baba Idi mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ke duba na makarantarmu. A Madina aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa domin aikin hajji, ya zo ya zauna. Baba Idi a hannun kakarsa ya tashi, ita kuwa ta taho da al'adunta cikin ƙunshi ba ta zubar da ko ɗaya a hanya ba. Anas ɗan farinsa ne. Ku da aka haifa a nan wataƙila sai na yi muku bayani. A wajen irin su Baba Idi, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Yin haka rashin ta ido ne. To ku duba wahalar bawan Allah nan, yana zaune a garin da ake kiran kowane namiji da sunan ɗan farinsa. Shekara goma sha takwas ana ce masa Abu Anas, shekara goma sha takwas yana kurumta.

Na same shi a warsha yana goge wani ƙarfe.

"Baba Idi, gobe bayan La'asar ana son ganinka a makaranta."

"Wanne ne ya tsaya? Na zaure ko na ofis?"

"Ba mukayyif ba ne. Maganar Anas ce."

Ya ci gaba da goge ƙarfen da ya riga ya yi ƙal.

"Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Mutanen Yanbu ke son ɗaukarsa."

"Su ɗauka mana. Ni mene ne nawa?"

"Sai ka zo ka zauna an yi maka tambayoyi."

"Kawunsa ya je."

"Takarda ta ce uba, in yana raye."

Ya duba wannan sharaɗi ta kowace fuska ko zai samu ƙofa.

"To, ina raye," in ji shi, kamar wanda aka kama da laifi.

Da na biya majalisa, Adam ya ba ni darasi a tsaye. "Ka sa ya ce yaron da ƙwallo yake kwana. Ka sa ya ce tun yana rarrafe yake tsalle. In ya ƙi faɗa, kai ka faɗa, ai kai ne malamin Larabci." Na yi dariya na ce ni ba a sa ni ƙarya. Ku riƙe wannan.

Ranar Laraba bayan La'asar na shirya ofis. Shayi da na'ana, faranti na dabino, kujeru huɗu. Kabtin Majid ya zo da littafinsa na rubutu. Anas ya zauna a kusurwa ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin kujera gwargwadon yadda suka yarda. Baba Idi ya shigo da akwatin kayan aikinsa a hannu, domin kada wani ya gan shi a hanya ya zaci wani abu ne ya kawo shi ba gyara ba.

Kabtin ya miƙe da fara'a. "Ahlan, Abu Anas!"

Baba Idi ya waiwaya bayansa ya duba ko akwai wani da ya shigo tare da shi. Da bai ga kowa ba sai ya miƙa hannu suka gaisa. Ya zauna suka yi hira da Larabcin Hijaz tsantsa, wanda ya fi nawa gudu, a kan damshin Yanbu da irin ɓarnar da iskar teku ke yi wa ƙarfe. Na fara samun natsuwa. Sai ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "A ce wa wancan ya fita." Na tambayi Kabtin, ya ce ƙa'ida ce ɗalibi ya zauna. Baba Idi ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya fuskanci bango inda mukayyif yake.

Kabtin ya buɗe littafi. "To, ya ammi, ba ni labarin ɗanka," in ji shi, yana kiransa baffa da Larabci.

Baba Idi ya ce wa bango, da Hausa, "Ustaz, ka ce masa ban san shi sosai ba. Yana dai cin abinci a gidan."

Kabtin ya dube ni. "Yanzu fa muka gama hira da Larabci."

Na ce, "Larabcinsa na aiki ne, Kabtin. Maganar gida da Hausa yake yin ta." Wannan ita ce gaskiya ta ƙarshe da na faɗa na ɗan wani lokaci.

"To me ya ce?"

Na gyara murya. "Ya ce yaro ne mai ladabi, mai son gida, kuma yana alfahari da shi."

Anas ya ɗago kai ya dube ni. Ƙeyar Baba Idi ma, na rantse, ta dube ni. A lokacin ne na lura da matsayin da na jefa kaina. Mu huɗu ne a ɗakin, uku suna jin harsunan biyu, kuma wanda ba ya ji shi kaɗai nake yi wa aiki.

"Me kake ganin ya fi ƙwarewa a kai?" in ji Kabtin.

"Tsawo dai," in ji Baba Idi. "Shi ma ba shi ya yi wa kansa ba."

Na ce, "Ya ce Allah ya hore masa jiki da hazaƙa, ya kuma haɗa masa da naci da biyayya ga na gaba." Har da saja'i na sa, wato amsa-amo irin na huɗuba, don na ga abin yana tafiya.

Kabtin ya gyaɗa kai. Ya mayar wa alƙalaminsa murfi. Ya duba agogo. Ya ce, ba da faɗa ba, da gajiyar mutumin da ya sha hanya, "Ka san wani abu, Ustaz? Daga Tabuk har Jizan duk uban da na zauna da shi ɗa guda suka haifa. Mai ladabi, mai hazaƙa, mai naci." Ya fara rufe littafin.

Na ga gurbin nan yana tashi daga kan tebur yana nufar ƙofa. Na dubi Anas, ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Na buɗe baki in ƙara zuma a kan wadda ta riga ta gundure mutumin, sai Baba Idi ya riga ni.

"Ustaz." Bai juyo ba. "Kai malami ne. Ka daina sa mini ƙarya a baki. Abin da na faɗa shi za ka faɗa, in ba za ka iya ba ka sha shayinka."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ni da nake rage wa yara maki saboda sun ƙara harafi ɗaya a nassi. Na ce to.

"Ka tambaye shi, shi da ya taso tun daga bakin teku don kallo, bai ga inda wancan ke sauke ƙwallo ba in ya cafko shi daga allon kwando?"

Na fassara kalma da kalma. Hannun Kabtin ya tsaya a kan littafin.

"Ina yake sauke shi?"

"Ƙugu. Ya tashi har sama ya ɗauko abinsa, sannan ya sauko da shi daidai hannun gajeru kamar mai rabon sadaka. Sau nawa aka fizge masa a wasan da ka kalla? Ni ban ƙirga ba. Ka duba littafinka."

Kabtin ya buɗe littafin. Ya juya shafi biyu baya. Ya dubi abin da ya rubuta, ya dubi ƙeyar Baba Idi, ya cire murfin alƙalami.

Abin da ya biyo baya, 'yan'uwa, na halarci laccocin manyan malamai a garin nan, na ji masu sharhin baiti ɗaya tun daga Azahar har La'asar, amma ban taɓa jin an karanta mutum yadda Baba Idi ya karanta ɗansa yana fuskantar bango ba. Ya ce in an yi wa yaron keta aka ba shi jifa shi kaɗai, riƙe numfashi yake yi tun daga karɓar ƙwallo har sakinsa, shi ya sa na farko ke shiga na biyu ya gaza. Ya ce in ya yi jifa bai shiga ba, sai ya saci kallon benci ya ga fuskar koci kafin ya juya, kuma a cikin wannan satar kallon abokin hamayya ya riga ya ba shi taku biyu. Ya ce tsaronsa da hannu yake yi kamar mai korar ƙuda, ƙafafun suna tsaye suna jiran labari. Ya ce ba ya miƙa wa abokinsa ƙwallo sai sun haɗa ido, saboda yana jin nauyin ya jefa wa mutum abu bai shirya ba, "kuma wannan ladabi ne a gida, a fili kuwa sanarwa ce ga abokan gaba." Ya ce in ya sauko daga tsalle a ƙafar dama kaɗai yake dira, kuma gwiwar nan ba ta gwamnati ba ce, in ta tafi ba a ba da wata.

Shekara uku ina zaune a sahun gaba, ni da Adam, ina da littafi na musamman da nake rubuta ra'ayoyina a ciki. Ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ban taɓa gani ba. Mu sama muke kallo, inda ake lilo a kwando. Shi ƙasa yake kallo.

Kabtin yana rubutu har ya cika shafi ya juya. Ya ce, "Hannun hagunsa fa? Na ga yana da kyau, abin da ba kasafai nake samu ba."

"Ya ɗan gyaru," in ji Baba Idi. "Da ko ƙofa ba ya iya buɗewa da shi."

"Wa ya gyara masa?"

"Ban sani ba. Wataƙila malamansu."

Sai muka ji murya daga kusurwa. Anas ne, da Larabci, a hankali, kamar mai magana da kansa.

"Shekara biyu ke nan, in muna aiki yana kan tsani, duk abin da zai miƙo mini jefowa yake yi ta hagu. Sifana, filaya, sukudireba. In na cafe da dama sai ya ce ba wannan yake nufi ba, in mayar masa, ya sake jefowa." Ya dubi hannunsa na hagu. "Na ɗauka tsufa ne ya ɓata masa saiti."

Mukayyif yana ta ƙugi. Baba Idi ya ɗaga kai yana nazarinsa kamar yau ya fara ganin irinsa.

Kabtin ya ce, "Wasanninsa nawa ka kalla, ya ammi?"

"Ni ba na zuwa kallo. Ina da aiki."

Ina cikin fassara wannan ne abin ya faɗo mini. Takardun shigowa. Ni nake sa musu hannu. Shekara uku mukayyif ɗin zaurenmu yana samun matsala, har na taɓa rubuta wa mudir cewa a sauya shi, kuma ban taɓa tsayawa na lura cewa ranar wasa kaɗai yake rashin lafiya ba. Tsanin Baba Idi kullum a kusurwar nan yake ta bayan allo, inda mutum ke ganin fili gaba ɗaya daga sama, yana ganin ƙafar kowa. Mun sha ce masa ya matsa yana tare wa mutane. Ashe kujerar da ta fi kowace kyau a zauren ce ya gina wa kansa, da izinina a rubuce.

Wannan ban fassara wa kowa ba. Na bar masa.

Kabtin ya ajiye alƙalami ya jingina. "Tambaya ɗaya ta rage. Kai da ka san shi haka, in ɗauke shi ko in bar shi?"

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. In Baba Idi ya ce a ɗauka, ya yabi ɗansa a gaban baƙo da gaban ɗan, abin da bai taɓa yi ba tun ranar suna. In ya ce a bari, ya rufe masa ƙofa da hannunsa.

"Ka ce masa ni ban ce ya ɗauka ba," in ji shi daga ƙarshe. "Amma in ya ɗauka, kada ya sa shi wasa a shekarar farko. Ya ajiye shi ya koyi saukowa da ƙafa biyu. Masu kallo za su yi surutu, irin su Ustaz, kada ya kula su."

Na fassara har da sunana.

"Sannan," ya ɗan tsaya, muryar ta yi ƙasa, "na ji can kifi suke ci safe da rana. Wancan ba ya iya cin kifi, ƙaya yake tsoro tun yana ƙarami. Sai a yi haƙuri da shi."

Ban san yadda na fitar da wannan da Larabci ba. Na dai san ban ƙara ko harafi ba. Anas ya sa fuskarsa cikin manyan hannayen nan nasa. Kabtin Majid ya tashi ya zagaya ya sumbaci Baba Idi a ka, yadda ake yi wa dattawa a nan. Baba Idi ya jure wannan kamar mai jure allura, ya ɗauki akwatinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Na ofishin nan yana zubar da ruwa. Ka rubuto takarda." Ya fita.

Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa an ɗauki Anas. Mudir ya rungume ni a gaban malamai ya ce ya san ni da iya magana. A majalisa na ba da labarin daga farko har ƙarshe, na ce to ga hujja, gina ɗan wasa ake yi, da sifana ma in ta kama. Adam ya kurɓi shayi ya ce, "Kuma wa ya haifi mai jefa sifanar? Jini ne, ya zol. Na gaya muku biyar ne." Gardamar tana nan har yau, sai dai ni na daina raba taurari.

Abin da na koya, ku da za ku zauna a irin wannan kujera, shi ne in an sa ku tsakanin mutum biyu ku isar da abin da aka faɗa, ko da kuna ganin kun fi mai maganar iya tsara ta. Saura kaɗan in kashe yaron nan da yabo. Mu 'yan kallo muna son ɗan wasa ne saboda abin da yake ba mu, ihu da labarin da za mu kai shagon shayi, shi ya sa ba ma ganin sai abin da ya iya. Wanda ke gina shi kuwa yana ɗauke da jerin abin da bai iya ba, yana bin su ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru ba tare da ko yaron ya sani ba. Kuma mutanenmu, musamman tsofaffin, in kun ji suna kushe nasu dalla-dalla, ku matso da kujera ku saurara da kyau. Ba wanda ke ƙirga numfashin wanda bai damu da shi ba.

Bisa ƙa'ida, kwaleji tana mayar wa makaranta kwafin fayil ɗin duk ɗalibin da ta ɗauka domin ajiya, kuma hannuna yake biyowa. Da na Anas ya iso na rufe ƙofa na zauna, ina so in ga yadda Kabtin ya shigar da jawabin Baba Idi a takardar hukuma, in ma kwafe shi in riƙa karanta wa sababbin malamai. Shafin awo a cike yake. Shafin gwaji a cike yake, har da sa hannun kwamiti a ƙasa. Hirar waliyyi tana shafin ƙarshe, ba gurbin jawabi ba gurbin maki, layi ɗaya ce mai akwati biyu: ya halarta, bai halarta ba.

An yi alama a na farko.